Idon Saratu da Sunan Alhaji Musbahu

Akwai wani ɗan kasuwa a Nguru, wajen shekarar 2006, ana ce masa Alhaji Musbahu mai ƙaro. Kakansa Bakano ne, jirgin ƙasa ya biyo ya zo sayen fatu da gyaɗa, garin ya karɓe shi ya kafa gida kusa da tasha. Alhaji Musbahu ya tashi ya tarar da sunan gida, ya kuwa riƙe shi riƙon da ya wuce kima. In ya zuba babbar riga ya fito, ko gaisuwa sai ya zaɓi wadda zai amsa.

Matarsa ɗaya, Saratu, 'yar masunta daga Dagona, da 'yarsu Shuhada mai shekara uku. Saratu gwanar ɗinkin hula ce. In ta zauna a bakin ƙofa da zare da allura, zanen da wata za ta yi mako tana lalube, ita kallo ɗaya take yi masa ta ɗauke. Har daga Gashuwa ake aiko mata da aiki.

Ana nan sai Alhaji ya fara ciwo. Yau zazzaɓi, gobe gudawa, rigunansa duk suka yi masa yawa. Da ya kai kaya Kano sai ya faki ido ya shiga wani asibiti aka gwada jininsa. Aka ce ƙanjamau ce. Inda ya samo ta ba shi ne labarinmu ba, Allah ne masani, kuma ni ban zo yanke wa kowa hukunci a kan wannan ba.

Likitan ya kwantar masa da hankali. Ya ce yanzu akwai magani, kyauta ma ake bayarwa, ya koma kusa da gida ya yi rajista.

Kusa da gida? Alhaji Musbahu? Ya zauna a benci a Nguru, inda masu yi masa dako za su wuce su ce "Alhaji, sannu da jiki"? Ina! Sai ya zaɓi Gashuwa. Ranar tafiya ya ajiye motarsa a gida, ya sa tsohuwar jamfa, ya naɗa rawani ya rufe har hanci kamar Buzu, ya shiga motar haya. Ya gwammace ya sha jijjigar hanyar Jajimaji da a ce wani ya gan shi.

A asibitin Gashuwa akwai wata nas, Sista Kaltum, gajeruwa mai kaifin murya. Ita ke zaunar da duk sabon zuwa ta yi masa bayani kafin a ba shi ƙwaya. Ta ja masa kujera ta ce, "Alhaji, maganin nan ba irin na ciwon kai ba ne. Akwai yadda ake fara shi, akwai kuma abin da in ka gani a jikinka..."

Ya ɗaga mata hannu. "Ke Sista, karatu na zo ko magani? Ba ni abin da aka ce a ba ni. Ina da uzuri."

"Minti goma ne kawai, Alhaji. Kuma iyalinka ya kamata ka kawo ta a gwada."

"Iyalina ba ruwanki da su."

Ta yi ta magana, shi kuwa idonsa na kan taga, yana duba ko akwai ɗan Nguru a tsakar asibitin. A ransa cewa yake, wannan 'yar nas ɗin ita za ta koya min zaman duniya? Abin da ya shiga kunnensa bai wuce "safe da yamma" ba. Ta haɗa masa ƙunshin mako biyu na farko daban, bai ko tambayi dalili ba.

Cikin ikon Allah jikinsa ya karɓi magani. Wata uku ya murmure, kumatu suka dawo, abokan kasuwa suna ta cewa basir ɗin Alhaji ya saki. A gida kuwa ya ƙaurace wa shimfiɗar Saratu da sunan likita ya ce ya huta, ita kuma baiwar Allah ba ta taɓa tambaya ba.

Sai dai hankalinsa bai kwanta ba. Kada ku ɗauka ba ya son matar nan, yana sonta, irin son da girman kai ya danne. In ta yi tari sau ɗaya sai ya ce ciwon ne. A lissafinsa, tunda yana da ciwon, ita ma tana da shi, babu makawa. To ya za a yi? Ya faɗa mata? Ya kai ta layin Sista Kaltum? Ai ko kusa.

Ga dabarar da ya ɓullo da ita, jama'a. Da ya koma Kano, ya ɗauki kwalbarsa ya nuna wa wani mai sayar da magunguna a kasuwa, ya sayi irinta. Ya ɓare takardar jikinta, ya kawo wa Saratu.

"Ungo, na ƙarin jini ne. Na ga kina ramewa. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kar ki yi fashi."

Ta karɓa hannu biyu tana murmushi. "Allah ya ƙara buɗi, Alhaji. Ni ban ma san na rame ba."

Abin da bai tsaya ya ji ba a ranar farko shi ne, a cikin ƙwayar nan akwai wani sinadari da ake lallaɓawa da shi. Da rabi ake farawa har mako biyu, ana kallon yadda jiki zai karɓa, don wasu jikinsu ba ya shiri da shi ko kaɗan. Shi an yi masa haka bai sani ba. Saratu kuwa da cikakke ta fara tun ranar farko.

Kwana goma sha biyu lafiya lau. Rana ta sha uku ta tashi da zazzaɓi, idonta ya kaɗa ya yi ja, maƙogwaro na yi mata zafi. Washegari ƙuraje suka feso a ƙirji da baya da fuska. Ta ajiye hular da take ɗinka wa Alhaji don Sallah, allura na maƙale a jiki, ta ce in idon ya washe za ta ƙarasa.

Mahaifiyar Alhaji, Hajiya Sa'adiya, ta shigo ta leƙa sau ɗaya ta yanke hukunci. "Ƙyanda ce. Ba ta yi ta tana yarinya ba, shi ya sa ta zo mata da ƙarfi. Kowa ya ji ni, ba asibiti. Allura in ta taɓa ƙyanda ciki take komawa, sai gawa."

Ta sa aka rufe taga, ta hana wanka, ta jiƙa tsamiya, ta rangaɗa wa Saratu kwalli a idon da ke ciwo. Ba mugunta ba ce, abin da ta gada ke nan, da shi ta raini 'ya'ya bakwai.

Alhaji kuwa ya ce a ransa, shi ke nan, ciwon ne ya fito fili, gara da na fara ba ta magani. Da bakinta ya yi gyambo ta kasa haɗiyar ƙwaya, sai ya riƙa niƙa ta yana zubawa a kunu, yana ba ta da cokali da hannunsa. Hajiya na gefe tana sa masa albarka, wai samun miji irinsa sai an tona.

Rana ta huɗu da fitowar ƙurajen ita ce ranar karɓar maganinsa. Ya naɗa rawaninsa ya tafi Gashuwa, ya raɓe a ƙarshen benci. A gabansa akwai wani manomi daga Jakusko, Kyari, ya ɗaga riga yana nuna wa Sista Kaltum bayansa, duk ya yi ruɗu-ruɗu da ƙuraje.

Sista ta ce, "Malam Kyari, ka kyauta wa kanka da ka dawo da wuri. Yau za mu canza maka wani, ba shi kaɗai ba ne magani." Sai ta juyo ga mutanen benci ta ɗaga murya. "Ku ƙara ji, ban gajiya da faɗa. Duk wanda ya fara maganin nan ya ga ƙuraje da zazzaɓi, ko ido ya yi ja, ko baki ya yi gyambo, ya taho nan ranar, kada ya jira gobe. In aka yi wasa fata salewa take yi kamar ƙunar wuta, ido kuma in ya manne ba lalle ya buɗe ba."

Alhaji ya ji kamar an kwara masa ruwan randa. Ƙuraje, jan ido, gyambon baki. Saratu aka zana masa tsaf. Kuma da safen nan ma sai da ya ba ta cokali uku kafin ya fito.

Da layi ya zo kansa, Sista ta dube shi ta saman tabarau. "Alhaji, lafiya? Ya iyali? Har yanzu ba ka kawo min ita ba."

Jama'a, a nan ne fa. Kalma ɗaya ta rage. Mota na bakin asibiti, kafin la'asar da an ɗauko ta, kuma a ranar idon Saratu a buɗe yake, tana gane Shuhada in ta shigo. Alhaji ya waiga, ya ga mutum ashirin a benci, kunne arba'in. Ya gyara rawani.

"Lafiya lau suke."

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Ya koma Nguru, ya ɗauki kwalbar Saratu ya jefa a masai. Ya ce tunda an daina, ai zai lafa da kansa. Ya yanka rago ya raba sadaka, ya sa malamai sauka. Komai ya yi ban da abu ɗayan da aka ce a yi, don in ya kai ta asibiti za a tambayi me ta sha, in aka ji me ta sha za a tambayi na wane ne.

Bai lafa ba. Ƙurajen suka haɗe suka zama bororo. In aka juya ta, fatar bayanta sai ta biyo zane. Leɓɓanta suka yi baƙi suka tsattsage, fatar idonta ta sama da ta ƙasa suka manne da ruwan ciwo da kwalli. Mutumin da gidansu suka yi arziki da fata, wanda da taɓawa yake gane mai kyau da maras kyau, ya tsaya yana kallon ta matarsa tana salewa, bakinsa a rufe.

Rana ta biyu da daina ba ta, ya shiga ɗakin da hantsi. Ta ji motsinsa, ta motsa baki da ƙyar. Sai da ya sunkuya ya ji.

"Alhaji... ba ka ba ni maganina ba... jiya da yau."

Ya fita da sauri ya shiga shago ya kulle, ya yi kuka kamar yaro. Da ya gama ya wanke fuska ya fito ya ci gaba da awon ƙaro.

Kwana huɗu cur aka yi a haka. Ranar kasuwa sai ga Modu, yayan Saratu, ya kawo bandar kifi daga Dagona, ya biyo ya gaida ƙanwarsa. Tun daga zaure wari ya tare shi. Ya ɗaga labule, ya ga abin da ke kwance a kan tabarma, ya yi salati da ƙarfi.

"Wannan Saratu ce? Hajiya, wannan Saratu ce?"

Hajiya ta ce, "Ƙyanda ce, ɗana, haƙuri ake yi da ita, ta kusa..."

"Hajiya, ki gafarce ni, kin haife ni. 'Ya'yana biyar sun yi ƙyanda, ban ga wanda fatarsa ta zube ba." Ya juya ga Alhaji da ya shigo a guje. "Kai kuma kana gari? Kana cin tuwo a gidan nan?"

Alhaji ya fara in-ina, wai a bari gobe ya kai ta Kano. Modu bai ko saurare shi ba. Ya naɗe ƙanwarsa a zane mai tsabta, ya sa ta a bayan a-kori-kurar da ta kawo kifinsa, ya ce wa direba Gashuwa, can ne kusa da danginsu masu jinya. Alhaji ya bi su a motarsa, da babbar rigarsa, ba rawani, ba komai. Ya manta.

Likita na ganin ta ya ce a kira Sista Kaltum, ita ta fi sanin irin wannan. Ta zo ta duba baki, ta duba ido, ta tambayi Modu wane magani take sha. Ya ce bai sani ba. Ta tambayi Alhaji. Ya sunkuyar da kai. Sai Saratu da kanta, da muryar da ba ta fi ta sauro ba, ta ce, "Na ƙarin jini... Alhaji ya kawo min... safe da yamma."

Sista ba ta ce komai a gaban mutane ba. Ta ba da umarnin abin da za a yi, sannan ta ce Alhaji ya biyo ta ofis, ta rufe ƙofa.

"Sirrinka naka ne, ban da ikon faɗa wa kowa, kuma ba zan faɗa ba. Amma ka gaya min gaskiya don mu san abin da muke yi. Irin naka ka ba ta?"

Ya gyaɗa kai.

"Yaushe ka gane shi ne?"

Ya ce, "Ranar da kike yi wa mutumin Jakusko bayani."

Ta ce, "Ranar da na ce ya iyali? Alhaji, ranar idonta a buɗe yake?"

"A buɗe yake."

Ta cire tabarau ta goge. "Ranta za mu yi ƙoƙari, da yardar Allah. Idon kuwa, da ranar ka kawo ta, da ina da abin da zan ce maka. Yanzu sai addu'a."

Mako shida Saratu ta yi a gadon asibiti, ana yi mata jinya irin ta wanda ya ƙone. Da ta fara jin magana sosai, Sista ta ce ba za a gwada jininta ba sai ta san dalili, kuma shi zai faɗa da bakinsa. Ya durƙusa a gefen gado ya faɗa mata komai, har da kwana huɗun. Da ya gama, ta miƙa hannu aka ɗebi jini.

Ku ji abin da ya fito. Saratu ba ta da ciwon. Aka sake gwadawa bayan wata uku, babu. Aka gwada Shuhada, babu. Sista ta ce ana samun haka, miji na da shi mata ba ta da shi. Da ya kawo ta tun farko, gwajin rabin awa ne, da ta koma gida ta ci gaba da ɗinkinta.

Fata ta tsiro, dabbare-dabbare, amma ta tsiro. Ido ne bai dawo ba. Da aka samu fatar idon ta rabu, ƙwayar ta riga ta yi fari fat. Alhaji ya kai ta wajen likitocin ido a Kano har sau uku, kowa ya duba sai ya girgiza kai ya ce an makara.

Sunan da ya tsare kuma fa? Mako shida yana sintiri a asibitin nan fuska a buɗe, ga shi dole ya faɗa wa Hajiya da Modu. Magana ta zaga Nguru. Aka yi gulma mako biyu, aka gaji, aka koma zancen farashin riɗi. Masu kawo masa ƙaro ba su fasa ba, a masallaci ba wanda ya janye kafaɗa. Har mutum biyu suka same shi a keɓe suna tambayar inda ake karɓar maganin. Abin da ya ji wa tsoro ke nan gaba ɗayansa.

Daga asibiti Dagona Modu ya wuce da ita, daga baya aka kai mata Shuhada da kayanta. Bayan kaka Alhaji ya je biko. Ya same ta da yamma a gindin bishiya a tsakar gidansu, ana shanyar shinkafa, hular nan tasa da ba a gama ba tana kan cinyarta, tana bin zanen da yatsa. Ya yi sallama, ta amsa, ta juyo da fuska wajen da ba nan yake tsaye ba.

Ya ce, "Saratu, ki yi wa Allah ki dawo ɗakinki. Duk abin da kike so zan yi."

Ta ce, "Alhaji, ciwo na Allah ne. Da ka faɗa min, wallahi ni zan riƙa tuna maka lokacin ƙwaya, ni zan raka ka layin. Ƙwayar da ka ba ni ma na yafe, na san tausayi ne ya sa ka. Amma kwana huɗun nan da ka sani, kana shigowa kana fita, ina kiranka, shi ne na juya na juya na rasa inda zan ajiye shi."

Ya buɗe baki, ta ɗaga hannu, kamar yadda ya taɓa ɗaga wa Sista Kaltum.

"Duk don kada a gan ka ne ko? To ka samu mutum ɗaya. Ni kam ba zan ƙara ganinka ba, a layi ko a ko'ina."

Ta miƙa masa hular, allurar na nan inda ta soke ta. Sannan ta kira Shuhada. Yarinyar ta zo da gudu ta faɗa jikinta, Saratu ta sa tafin hannu biyu tana shafa fuskarta, daga goshi zuwa haɓa, a hankali.

"An ce kin fara kama da ni," in ji ta. "Tsaya in ji."

Alhaji Musbahu ya koma Nguru shi kaɗai. Maganinsa bai taɓa fashi ba, ya yi ƙiba, ya yi tsawon rai. Rabin hular na cikin aljihunsa duk ranar da ya je layi.

Darasi: Maganin ƙanjamau rahama ne, ya tayar da dubban mutane daga kwance, amma na wanda aka gwada aka rubuta wa ne, ba a raba shi kamar goro. Ka zauna ka saurari ma'aikacin lafiya ko da kana ganin ka fi shi. In ka fara magani ka ga ƙuraje da zazzaɓi, ko jan ido, ko gyambon baki, ka nufi asibiti a ranar, akwai wani da za a canza maka. Kuma kada ka sayi rufin asirinka da lafiyar wanda ya amince da kai, don gulma tana wucewa, ido kuwa ba ya dawowa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila yanzu haka akwai mai zaune a ƙarshen benci da aka tambaye shi ya iyali.